Goɗiyar da Twila Ta Ƙi Sayarwa

Duk wanda ya gaisa da Twila Brekke hannu da hannu sai ya ɗan yi turus, domin babban yatsanta na dama rabi ne. Ita kuwa takan riƙe hannun mutum ta ƙi saki, sai ya gama kallon da yake son yi a ɓoye.

"Igiya ce ta ci," takan ce. "Ta ɗanɗana ta ji ba daɗi, ta bar min saura."

A wajen makiyaya masu jifan igiya na jihar Montana ta Amurka wannan ba abin jaje ba ne. In ka jefa igiya daga kan doki ta kama bijimin sa, dole ka naɗa ƙarshenta a ƙahon sirdi kafin san ya fizga, yatsan da ya yi nawa kuwa ya tafi ke nan. Twila ta rasa nata tun tana da ƙuruciya. Ta ɗaure hannun da tsumma, ta tuƙa kanta zuwa asibiti, tana tafe tana zagin ramukan hanya.

An haife ta a wata gonar kiwo da ke bayan garin Ruby Fork, inda iska ba ta san hutu ba. Ubanta ɗa namiji ya so, ya samu 'ya'ya mata uku a jere, sai ya haƙura ya ɗora ta tsakiyar a kan doki. Lokacin da ake yi wa maruƙa lamba da ƙarfe mai zafi, ita ke kutsawa cikin garke a hankali, ta zargo maraƙi ta ƙafafun baya, ta jawo shi har bakin wuta inda maza ke jira. Da ta girma ta yi shekara talatin tana tuƙa motar 'yan makaranta cikin laka da dusar ƙanƙara. Har yau ƙattin da ta ɗauka suna yara, in sun hango ta a kanti, sai su cire malafa su rage murya.

Mijinta Orrin a filin rodeo, wato wasan dawaki da shanu, ta same shi. Jifan da yake yi na mutum biyu ne: a saki sa da gudu, mahayi ɗaya ya zarge ƙahonsa ya juya shi hagu, ɗayan ya biyo ta baya ya kama ƙafafun baya biyu. Orrin mai kama kai ne, ranar kuwa abokin jifansa ya sha ya yi tilis, yana minshari a ƙarƙashin mota. Aka nuna masa wata yarinya da ke zaune a kan shinge tana cin gasasshiyar masara.

"An ce kin iya kama ƙafa," in ji shi.

"Kai dai ka kama kan. Kada ka ba ni kunya a gaban mutane."

Shekara na zagayowa aka ɗaura musu aure. Tun daga nan, sama da shekara arba'in, shi ne kai, ita ce ƙafa. A gida ba a jin kansu. Faɗansu duk a ƙofar fita daga fili yake, ita tana cewa ya juya san kamar mai jin haushinsa, shi yana cewa ta tsaya kallon sama.

Kowace shekara in zafi ya shigo sukan loda dawakinsu biyu a tirela, Banjo nasa da goɗiyarta Opal, su ratsa gandun dajin Yellowstone, su kafa tanti su kwana a daji, sannan su gangara wani ƙaramin gari na Wyoming da ake kira Bascom. A can ake gasar da suka fi so, jifan ɗari, wadda ba a shigarta sai in shekarun mutum biyun sun kai ɗari a haɗe.

A sanyin da ya wuce ne Twila ta leƙa barga ta tarar da Orrin kwance kusa da tarin ingirici, bakinsa ya karkace. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana tafiya da sanda yana jan ƙafa, hannun daman yana kwance a cinyarsa a dunƙule, kalmomi kuma suna fito masa ɗaya bayan ɗaya kamar ana jawo su daga rijiya.

'Yarsu guda ce, Darla, ma'aikaciyar jinya a Billings. Ita ta zo da shawara a shirye: a sayar da dawaki, a ba da hayar gona, su koma wani ɗan gida a birni kusa da asibiti. Ta ma samo wa Opal mai saye, wani tsohon abokinsu mai suna Hollis, wanda ke nema wa jikarsa goɗiya mai hankali. Tunda a Bascom za a gamu da shi, sai a yi tafiyar bana kamar kullum, a kalli wasa daga kan benci, a miƙa masa ragama. Orrin ya gyaɗa kai. Twila ba ta ce uffan ba, Darla kuwa ta ɗauki shirun nan a matsayin amincewa, ita da ya kamata ta fi kowa sanin uwarta.

Ranar tafiya Darla ta miƙa hannu tana neman mabuɗin a-kori-kurar. Twila ta kalli hannun kamar an miƙo mata mataccen ɓera.

"Mama, hanyar nan fa da nisa."

"Na sani. Ina bin ta tun ba ki iya ɗaura takalmi ba. Shiga baya ki riƙe akwatin ƙanƙara kada ya kife."

Suna cikin gandun, wajen azahar, motoci suka yi layi suka tsaya cak. Wani tsohon ɓauna ne ya tsaya a tsakiyar kwalta, gashinsa na sanyi yana zuba daga kafaɗunsa kamar yagaggen bargo. Baƙi sun firfito da wayoyi ta taga. Dawaki suna buga ƙafa a tirela.

"Hollis ya ce jikarsa har ta share wa Opal wuri a barga," in ji Darla.

"Ta yi aikin banza."

"Mama."

"Na ce zan kawo goɗiya Bascom. Ban ce zan bar ta a can ba. Jifa zan yi."

"Da wa?" Darla ta matso ta dafa bayan kujera. "Baba ba zai hau ba. Goɗiyar kama ƙafa, ba mai kama kai, me ta zama in ba bakin cin ingirici ba?"

"Ke ma kin yi shekaru kina cin abincina ba ki taɓa kama komai ba, ban kai ki kasuwa ba."

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Orrin. Tun ciwonsa haka dariyarsa ta koma.

Darla ta yi ajiyar zuciya. "To shi ke nan. Ki samo abokin jifa, mutum mai hankali. In kin samu, ni da kaina zan ba Hollis haƙuri. In ba ki samu ba, Opal ta tafi, mu kuma mu je mu duba gidan nan."

"Ka ji dai, tsoho. Kai ne shaida."

Twila ta san ba maganar goɗiya kaɗai ake yi ba. Ranar da bargar nan ta zama wayam, babu sauran abin da zai tashe ta da asuba, babu kuma hujjar da za ta ba kowa ta zama a Ruby Fork. Ɓaunan ya gama tunaninsa, ya sauka daga kwalta, ta saka giya.

Suka tsaya a wurin da ruwan zafi ke tsartuwa sama, kamar yadda suka saba, iska duk warin ruɓaɓɓen ƙwai. Orrin yana jan ƙafa a kan gadar katako, sai wata mata mai kirki ta sunkuyo ta ce masa da ƙarfi, tana rarraba kalmomi kamar mai yi wa yaro magana, "Baba, kana jin daɗin yawon?"

"Hannunsa ne ya shanye, ba kunnensa ba," in ji Twila.

"Mama, don Allah," Darla ta ce ƙasa-ƙasa, tana yi wa matar murmushin ban-haƙuri.

Da yake ba sa kwana da dawaki a cikin gandun, sai suka fita ta ƙofar gabas suka sauka a wani sansani na gefen rafi mai shingen dabbobi. Darla ta kafa tanti ta shimfiɗa wa ubanta gadon naɗi. Twila ta ɗora wake da nama a baƙar tukunya, sannan ta sauko da jakin katakon da take koyon jifa a kansa, mai ƙafafu biyu na bututu suna lilo. Ta kaɗa igiya ta jefa, ta janye, ta sake jefawa. Kafaɗarta tana ƙas a kowane kaɗi. Ta san Darla na ji.

Da ta waiga, sai ta ga yarinyar a durƙushe gaban kujerar ubanta, ta ɗauki dunƙulallen hannun nan tana buɗe yatsun ɗaya ɗaya, tana murza su da mai, tana ba shi labarin wani likita da ba ya gaida mutane. Twila ta juya da sauri ta koma kan jakinta. Da a ce yarinyar muguwa ce, da abin ya zo mata da sauƙi.

Kashegari da la'asar suka isa Bascom. Bayan filin ya cika da tireloli da hayaƙin gashi da warin kashin shanu, lasifika na ta kiran sunaye. Twila ta ba dawaki ruwa, ta zaunar da Orrin a inuwar tirela, ta gyara malafa, ta tafi neman mai kama kai.

Da Hollis ta fara. Yana zaune a bayan motarsa, tumbinsa ya rufe ƙarfen ɗamara, farin gashin bakinsa ya sha gahawa.

"Twila! Ashe har yanzu ba ki mutu ba?"

"Ina jiran naka tukuna, in ci abincin makoki. Ina neman mai kama min kai gobe."

Hollis ya cire malafa ya leƙa cikinta kamar amsar tana can. "Ai da na so. Kafaɗar nan tawa ce…"

"Na hango ka kana jifa ɗazu."

"Haba Twila. Orrin na zaune yana kallo, ni kuma in hau in tsaya a gurbinsa? Da wane ido zan kalle shi? Ki bari mu yi maganar goɗiya, yarinyar za ta riƙe ta amana."

Ta bar shi da malafarsa a hannu. Na biyu ya ce ya riga ya yi alkawari da surukinsa. Na uku ya ce dokinsa na ɗingishi, dokin kuwa yana tsaye a bayansa garau. Kowa ya tambayi jikin Orrin da murya mai taushi. Matar wani har ta ɗora mata farantin kek a hannu, ta shafa mata baya. Tun tana yarinya mutanen nan ke yi mata tsiya tana ramawa, yau ga shi, ban da gaisuwar Hollis, ba wanda ya zage ta ko sau ɗaya, abin ya fi mari ciwo.

Na ƙarshe wani siririn tsoho ne da ake kira Merle, wanda bai taɓa iya ƙarya ba saboda ƙiwa.

"Ba wanda yake so a ce shi ya juya san da ya kayar da ke," in ji shi. "Kin haura saba'in. In kin karye, wa zai duba mijinki?"

"Na gode, Merle. Kai kaɗai ka faɗi gaskiya. Allah ya sa sirdinka ya juye da kai."

Ta dawo rana na shirin faɗuwa, ta dangwarar da kek ɗin a kan tayar tirela. Darla ta dube ta ba ta yi tambaya ba, ta ɗauki jaka ta tafi sayo ƙanƙara. Twila ta ɗauki bokiti za ta ɗebo ruwa, ta wuce ta gaban kujerar Orrin ba ta kalle shi ba. Taku biyu ta yi, wani abu ya cafke idon sawunta duka biyu, ta yi taga-taga ta dafe jikin tirela, bokiti ya yi nasa wuri.

Ta duba ƙasa. Igiyarta ce. Ta bi ta da ido har zuwa hannun hagun Orrin.

"Biyu," in ji shi. "Duka… biyu."

"Ka haukace? So kake ka karya ni?" Sai kuma ta sake kallon igiyar. Ta sunkuya ta kwance zargen, ta miƙa masa. "Sake."

Ta koma ta sake wucewa. Ya kaɗa da hagu, kaɗin ba kyau, kamar mai korar ƙuda, amma zargen ya kwanta a gabanta ta taka ciki da ƙafa ɗaya. Ta uku ya kama biyu.

"Tun yaushe?"

"Barga."

Duk safiyoyin nan da yake jan ƙafa ya shiga barga ya rufo ƙofa, ita ta ɗauka zama yake yi yana baƙin ciki, ta ƙyale shi don kada ta gan shi yana kuka. Ashe jakin katakonta yake jifa. Ita ma tausayin nan da take jin haushi a bakin mutane, shi take yi masa tun sanyi.

"To me ya sa ka gyaɗa kai da aka ce a sayar?"

Ya daɗe yana neman kalmomin. "Ba wanda… ya tambaye ni… wani abu dabam."

Twila ta zauna a kan bokitin da ta kife. Kama kai ya fi ƙarfinsa, wannan ba shakka, domin sai da hannu biyu ake naɗa igiya a ja sa. Amma a gasar tsofaffi an yarda mai kama ƙafa ya ɗaure igiyarsa a ƙahon sirdi tun kafin a fara, ba sai ya naɗa ba. Opal kuwa ta san aikin, ko buhun hatsi aka ɗora mata za ta kai shi bayan sa ta tsaya. Saura mai kama kai. Twila ta kalli Banjo, wanda ba ta taɓa shiga fili a kansa ba.

Da Darla ta dawo, uwarta ta ce, "Na samu abokin jifa."

"Wa?"

Twila ta nuna da haɓa.

Jakar ƙanƙarar ta faɗi ƙasa. "A'a. A'a, Mama, wallahi a'a. Na ce mutum mai hankali!"

"To ga shi nan. Gaya masa a kan idonsa ba shi da hankali."

Darla ta durƙusa a gabansa. "Baba, ka san maganin da kake sha yana tsinka jini. In ka faɗo kanka ya bugu, jinin ba zai tsaya ba. Na ga irin wannan da idona, ba sau ɗaya ba."

"Na sani."

"To don me?"

Ya ɗora hannun hagu a kanta, igiyar na rataye a wuyan hannun. "A kan ƙafata… na faɗi. Ba a kan… doki ba."

Ta miƙe ta dubi uwarta, idanunta sun cika. "In wani abu ya same shi, ke ce."

"Ni ce," in ji Twila.

Ta faɗa da ƙarfinta, sannan ta juya ta ɗauki bokiti.

Da sassafe, kafin fili ya cika, ta ja Opal ta tsayar da ita a gindin a-kori-kurar. Ta taimaki Orrin ya hau bayan motar da ƙyar, daga nan ta yi ƙoƙarin tura shi kan sirdi. Ƙafar dama ta ƙi ɗaguwa. Ta ja, ta tura, ta yi zagi, shi yana nishi, goɗiyar tana tsaye kamar an dasa ta. Darla na can gefe da kofin gahawa, ta juya musu baya, amma kunnenta na nan.

"Za ki ɓalle masa kafaɗa," ta ce daga ƙarshe. Ta ajiye kofin. "Matsa, Mama. Ba haka ake ɗaga mutum ba."

Ta saka kafaɗarta ƙarƙashin hammatarsa, ta kama ɗamararsa ta baya, ta ƙirga masa, sai ga shi a kan sirdi. Ta cusa shanyayyar ƙafar cikin likkafa, ta buɗe yatsun daman ta saka linzami a tsakaninsu. Sannan ta tafi, ta dawo da hular kwano da ta aro wajen wata yarinya mai tseren zagaya ganguna a kan doki, ruwan hoda, da taurari a jiki.

Orrin ya kalli hular, ya dafe malafarsa. "A'a."

"Ko ka saka, ko in kwanta a ƙofar fili sai dai ku bi ta kaina."

"Saka, tsoho," in ji Twila. "Ai ta fi fuskarka kyau."

Matsala ɗaya ta rage. Duk rayuwar Opal ta hagun sa take shiga, mai jifa da hagu kuwa ta dama yake so. Twila ta ɗaura jakin katako a bayan Banjo tana jan sa a hankali a bayan tireloli, Orrin na danna goɗiyar da gwiwa. Wani lokaci ta gane, wani lokaci ta koma ga sabonta. Mutane suna wucewa suna satar kallo.

Da Twila ta je rubuta suna, matar da ke teburin ta ɗago ta dube ta, ta dubi hular hoda can nesa, ta tambayi shekarunsu kamar yadda doka ta ce.

"Ɗari da arba'in da biyar," in ji Twila. "Ki riƙe canjin."

Rana ta take aka kira su. Mai sanarwa ya fara wani dogon jawabi game da jarumtaka da ciwo, Twila ta ɗaga masa hannu ta yi alamar ya yi shiru, mutane suka yi dariya. Ta ja Banjo da baya cikin akwatin hagu, shingen da mai kama kai ke jiran a saki sa, inda ba ta taɓa tsayawa ba. Daga nan duniya a juye take. Ta leƙa ta saman kejin da san ke ciki, ta hango Orrin a nata wurin, a karkace kaɗan, igiya ɗaure a ƙahon sirdi, taurari na ƙyalli a kansa. Darla na tsaye a kan shinge ta ƙanƙame ƙarfe. Duk shekarun nan Orrin ke gyaɗa kai a buɗe ƙofa, yanzu kowa ita yake jira.

Ta gyaɗa.

San ya fita kamar an harbo shi, ja mai faɗin ƙaho. Banjo ya zabura da wani ƙarfi da ya kusa barin ta a baya, domin ya fi Opal tsawo da zafin nama. Ta kaɗa, hannunta na son ya yi ƙasa wajen ƙafafu kamar yadda ya saba, ta tilasta masa ya tsaya sama. Ta ƙara kaɗi, ta ƙara, har sun ci rabin fili. Ta jefa. Zargen ya wuce ƙahon ya sauka a wuya. Ba kyau, amma halal ne. Ta naɗa igiyar da guntun yatsanta a sama, ta juya hagu, tana riƙe Banjo da duk ƙarfinta don ya ja san a hankali.

Ta waiga. Opal na tafe, Orrin na tangaɗi a kanta kamar kayan da ba a ɗaure sosai ba. Goɗiyar ta nufi hagu, ta yi jinkiri, sai ta tsaya tsakiya, ba nan ba can. Orrin ya kaɗa. San ya yi tsalle, ya sake, shingen gefe na matsowa.

"Jefa mana, tsoho!" Twila ta daka masa tsawa. "Ko sai an aiko maka da katin gayyata?"

Ya jefa. Zargen ya kwanta a ƙarƙashin cikin san, ƙafa ɗaya ta shiga, ɗayar ta tsallake. Opal ta kafe ƙafafu da kanta, igiya ta miƙe tsam, Orrin ya tafi gaba har ƙirjinsa ya daki ƙahon sirdi. Ya yi lilo, ya dafe wuyan goɗiyar da hannun hagu, a hankali ya miƙe zaune. Ta juyo da Banjo ya fuskance shi, alƙali ya sauke tuta.

A gasar da mafi sauri ke ci, lokacinsu ya fi na kowa tsawo a ranar, ga tarar daƙiƙoƙi ta kama ƙafa ɗaya a kai. Duk da haka mutane suka miƙe tsaye suna tafi, wasu na kaɗa malafa.

"Me suke yi wa tafi?" in ji Twila da suka jera za su fita. "Ƙafa ɗaya ce fa."

"Kin juya shi… kamar mai tura keken jariri," in ji Orrin.

"Don kai na yi!"

"Wa ya… roƙe ki?"

Darla ta tare su a ƙofa, fuskarta jiƙe. Ta ɗaga rigar ubanta ta danna haƙarƙarinsa, ta leƙa idanunsa, ta sa ya bi yatsanta da kallo.

"Zai yi shati," ta ce. "Maganar gidan Billings kuma ba mu gama ba, Mama."

"Ba mu gama ba. Riƙe min Banjo."

Hollis ya ƙaraso yana murza gashin baki, ya kasa kallon Twila, sai ya tsaya yana shafa wuyan Opal. Darla ta buɗe baki za ta ba shi haƙurin da ta yi alkawari, Orrin ya riga ta.

"Ba ta… sayarwa," in ji shi daga kan sirdi. "Tawa ce… yanzu."

"Taka?" Twila ta juyo, linzami a hannu. "Aro na ba ka, tsoho. Sauko min daga kan goɗiya kafin ka lalata ta."